Buta Ɗaya a Gindin Taya

Asabar, 5 ga Afrilu, bayan la'asar

Shamsuddeen ya zo daga Kalgo da kwalba.

Kwalbar feshi ce mai ruwa shuɗi, wai da ita ake goge mota ba sai an nemi ruwa ba. Tun daga zaure yake ɗaga ta sama kamar wanda ya ciwo kofi. Ya durƙusa gaban Baba ya sa masa ita a hannu. Baba ya shafa, ya shinshina, ya yi wata dariya da rabon da in ji irinta tun kafin idonsa ya tafi.

"Shamsu, wagga aba ita ka wankin mota?"

"Ita kaɗai, Baba. Ko ɗigon ruwa ba ta so."

"Allah shi yi maka albarka, Shamsu. Kai dai kullum tunanin motag ga kake."

Kullum. Na rubuta don kada gobe in ce kunnena ne ya ƙara gishiri. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakina ina duba littattafan 'yan aji huɗu, hannuna bai gama warin tsumma ba, aka ce ƙanena mai zuwa ranar Asabar kaɗai shi ne mai tunanin mota kullum.

Na san al'ada, ba sai an karanta mini ba. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya yi masa magana kai tsaye. Shi ya raɗa mini Ummulkhairi, shekara arba'in da ɗaya ke nan, ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. In yana son abu sai ya ce da ƙanwarsa, Gwaggo Jummai, "A hwaɗa ma waccan." Ni ce waccan. Auta kuwa, yau kaɗai na ƙirga Shamsu goma sha bakwai kafin a kira sallah.

Ba kishi nake ba. Ƙirgawa kawai na yi.

Lahadi, 6 ga Afrilu, da hantsi

Na ga abin da kwalba ta yi. Jiya da tsakar rana, ƙarfe na ƙuna, Shamsu ya fesa a kan ƙura bai kaɗe ba, ya yi ta murzawa zagaye-zagaye. Yau da haske ya fito, boneti duk ƙananan zane ne, kamar kaji sun yi tono. Fijon da Baba ya yi shekara talatin yana jigila da ita tsakanin Gwandu da Jega da Birnin Kebbi fentinta bai taɓa ganin wulaƙanci irin na jiya ba.

Ina 'yar shekara tara na koyi aikin nan. Bai koya mini ba, wai. Yakan tsaya ne yana gogewa yana magana da iska, ni kuma ina riƙe da buta a gefe. Ana farawa bayan asuba, kafin rana ta taɓa ƙarfe. Izga tukuna, daga rufi zuwa ƙasa, a kaɗe, ba a dannawa. Tsumma biyu na tsohuwar singileti, ɗaya mai damshi, ɗaya busasshe yana bin bayansa. Hannu ya tafi miƙe, ba a zagayawa. In tsuntsu ya yi kashi daga dogon yaro, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a bar shi ya yi laushi, a tafi wani gefen a dawo. Gilashi da tsohuwar jarida. Matsar tsumma a kan taya ake yi don kada ɗigo ya tafi a banza. Na ƙarshe kuma bayan hannun ƙofa, inda yatsu ke shiga, inda ba mai gani. Duk wannan da buta ɗaya, har a rage.

Tun da mijina ya rasu na dawo daga Kambaza, shekara goma sha ɗaya, ban fasa ko kwana ɗaya ba sai ranar da Inna ta rasu. Baba ya daina tuƙi, amma kowace safiya in na tafi makaranta sai ya lallaba da sandarsa zuwa rumfa, ya bi motar da tafin hannu, ya shiga ya zauna a mazaunin direba. Gwaggo ce ke ba ni labari.

Na shafa man da nake da shi a kan zanen. Bai ɓace ba. Shi ba zai gani ba, ni ce zan riƙa gani.

Litinin, 7 ga Afrilu, da magariba

Rijiyar burtsatsen unguwa kwana ashirin ke nan a mace. Na goge.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan azahar

Tsofaffin direbobi uku sun zo gaishe da Baba. Me aka ɗauko musu? Kwalba. A ƙarƙashin matashinsa yake ajiye ta, tare da carbi. Suka riƙa miƙa wa juna suna jinjina kai, wani ya ce 'ya'yan zamani akwai dabara, Baba ya ce ai Shamsu tun yana ƙarami haka yake. Tun yana ƙarami! Shamsun da ya taɓa zana sunansa da ƙusa a ƙofar baya, ni na sha faɗan Inna don ban hana shi ba.

Da suka fito suka tsaya a rumfa suna yaba ƙyalli. Ɗayansu ya ce lallai maganin ga na aiki. Ina bayan labule da tiren shayi, na kusa sakin shi.

Ruwa kuma ya zama abin da ya zama. 'Yan garuwa sai bayan kwana biyu ake ganin ɗaya, rijiyar gidan liman ta koma laka. Gwaggo ta sa doka, kowa da rabonsa. Baba gora ɗaya da safe, gora ɗaya da yamma, ban da na alwala. Yau ta gan ni da buta za ni rumfa, ta ɗaga murya yadda har makwabta za su ji:

"Mutane ba su sha ba, ana ba ƙarhe! To tunda an kawo abin da ba shi son ruwa, mi ad dalilin ɓarna?"

Butar daga rabona na wanka nake cirewa, ta sani. Ɗakin Baba shiru. Na jira ko zai ce wani abu, ko da a faɗa wa waccan ne. Bai ce ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan la'asar

Makwabcinmu Malam Garba ya kai Baba masallaci a motar kamar kowace Juma'a. Na tashi tun kafin kiran farko na gyara ta har bamba. Da suka dawo na ji Malam Garba yana cewa a zaure, "Alhaji, motag ga kamar yau anka hiddo ta daga kanti." Baba ya ce, "Akwai masu kula da ita."

Masu. Yanzu mun zama jam'i, ni da kwalba.

Asabar, 12 ga Afrilu, da magariba

Shamsu ya sake zuwa, shi da matarsa Hafsat. Ba ni da abin cewa a kan Hafsat, yarinya ce mai kirki, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Ta kawo kankana mai sanyi a kula. Baba ya ce Hafsat, Hafsat, kamar sunan alewa ne a bakinsa.

Na ja Shamsu gefe na nuna masa boneti. Ya duba sama-sama ya yi dariya.

"Haba Adda, wa ka ganin wanga? Mota ta tsuhwa. Ke dai kin cika son wahala, ki huta mana. Ga sauƙi ya zo."

Na ce da kyau.

Kafin su tafi Baba ya laluba aljihun 'yar shararsa ya ciro makullin motar na biyu, wanda ke ɗaure da jar fata, ya ba shi. Wai ko wata rana buƙata za ta taso. Makullin nan ni nake shafa masa mai duk damina don kada ya yi tsatsa. Ban iya tuƙi ba, na sani. Shamsu ya iya, na sani. Duk wani dalili mai kyau na san shi, na jera su a kaina ɗaya bayan ɗaya yadda nake jera wa yara darasi, amma ƙirjina bai karɓi ko guda ba.

To, kishi nake. Na faɗa. Ina kishin ƙanena, ina kishin matarsa, ina kishin kwalbar roba. Mace mai furfura.

An ce in huta. Zan huta, mu ga abin da tafin hannunsa zai taɓo. In ya taɓa ƙura dole ya tambayi wa ya fasa, kuma wanda ya fasa yana da suna.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan asuba

Ban goge ba.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan azahar

Ban goge ba. Na tambayi Gwaggo, kamar ba komai, ko Baba ya fita rumfa. Ta ce ya fita, ya shafa rufin, ya murza yatsunsa, ya daɗe a tsaye, bai shiga ya zauna ba. Na ce me ya ce? Ta ce tambaya ɗaya ya yi, wai ruwa ya ƙare ne a gidan? Ita kuma ta ce masa saura kaɗan.

Ruwa ya tambaya. Bai tambayi mutum ba.

Talata, 15 ga Afrilu, da hantsi

Da zan fita na ga shuɗiyar butar tsakar gida a gindin tayar gaba, cike, an rufe bakinta da marfin kwano. Aikin Gwaggo ne. Makon jiya ita ce mai ihun ɓarna, yau ta ga ɗan'uwanta ya damu ta koma yi mini hannu a fakaice. In tana da magana ta buɗe baki, ko ta ce wa auta ya zo da kwalbarsa.

Na tsallake ta na wuce makaranta.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan la'asar

Buta a gindin taya. Na tsallake.

Tsuntsaye sun yi wa gilashin gaba kaca-kaca, 'ya'yan dogon yaro sun manne a rufi. Ina wucewa ina kau da kai, hannuna na ƙaiƙayi. Zafin yau ko kadangare bai fito ba. Na daka wa wani yaro tsawa a aji don ya manta wasali, na dawo ina jin kunyar kaina.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da magariba

Buta. Na tsallake. Baba bai ci tuwon rana ba, Gwaggo ta ce zafi ne. Muryarsa a sallar magariba can ƙasa take.

Gobe Juma'a. Ba zai yarda a kai shi masallaci a haka ba. Gobe zai yi magana.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan la'asar

Ban je makaranta ba.

Ina ɗaki bayan asuba, idona biyu, ina jira. Na ji ƙarar sanda, na ji izga a kan rufin mota, sau uku ko huɗu, a hankali. Na san wane ne. Na ce a raina bari ya ɗan yi, zai gaji ya kira. Na kwanta ina sauraro. Sai na ji abin da na ji.

Ba zan rubuta yadda na same shi ba. Izgar tana hannunsa, butar ta kife, ƙasa ta shanye ruwan kafin mu ɗaga shi. Bai yi ihu ba. Da na sa hannu a ƙarƙashin kansa sai ya juya fuska gefe, ya ce, "A kira Shamsu."

Na kira Shamsu.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan azahar

Ƙashin ƙugu ya tsage. An yi masa ƙarin ruwa leda uku. Likita ya ce jikinsa a bushe yake, ya tambayi wa ke kula da shan ruwansa. Shamsu ya kalle ni, na kalli ƙasa.

An yanke shawara in an sallame shi zai zauna a Kalgo, can akwai famfo, asibiti kuma kusa. An yanke, ba mun yanke ba. Shamsu ya zo da safe da jan makullinsa ya tafi da motar, yadda take, da kashin tsuntsu da komai. Gwaggo ta bi shi. Rumfa ta rage sai sawun taya huɗu da ɗigon baƙin mai.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan asuba

Na tashi na ɗauki tsumma har na kai tsakar gida.

Laraba, 23 ga Afrilu, da magariba

An sallami Baba jiya. Shamsu ya turo mini hoton motar a waya, ya kai ta wurin masu wankin inji a bakin titi, sun yi mata ambaliya, tana ta ƙyalli a ƙarƙashin tagar ɗakin da aka kwantar da Baba. Ya rubuta a ƙasa, "Adda kin ga 'yarki?" Ruwan da aka zubar a kanta zai ishi gidan nan mako biyu.

Na kira don in ji jikin Baba. Hafsat ta ɗauka, ta ce bari ta kai masa. Ina ji ta ce, "Baba, ga Adda." Can na ji ya ce, "A ce mata mun gode." Daga nan ya ce, "Hafsat, ɗan gyara min matashin ga."

Ita ke dama masa fura yanzu. Ba ta san ba ya son sukari a ciki ba, kuma ban faɗa mata ba. Na ajiye waya na tuna ban faɗa ba, na zauna ina jin daɗin hakan na ɗan lokaci. Allah ya shirye ni. Na sake kira na faɗa.

Shamsu ya ce yaushe zan zo. Na ce jarrabawar yara ta matso. Saura wata guda.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan la'asar

Gwaggo ta dawo ɗaukar kayan Baba. Tana ninke riguna tana yi mini faɗa, wai duk Kalgo ana tambaya ina babbar ɗiya. Na yi haƙuri har ta kai inda ba zan iya ba. Na ce ai ita ma da hannunta a ciki, ita ta fara ihun ana ba ƙarfe ruwa, sannan ta koma ajiye mini buta a gindin taya kamar ni yarinya ce, maimakon ta yi magana.

Ta saki rigar da ke hannunta.

"Wace buta?"

"Shuɗiya. Talata, Laraba, Alhamis."

"Ni? Wallahi ban taɓa ba. Ni cewa nike ke ka aje ta ki hwasa aikin. Da rana in na gane ta nan sai in juye ma awaki, kada ta yi zahi a banza."

Muka tsaya muna kallon juna. Mu uku ne a gidan.

Gwaggo ta zauna a bakin gadon Baba. Ta ce shi ya sa kwanakin nan take samun gorarsa ta yamma wayam tun da sassafe, har tana murna yana shan ruwa sosai. Ta ce da ya tambaya ko ruwa ya ƙare, ita ta ɗauka tambaya ce kawai.

Bai roƙi ƙari daga randa ba, saboda ya ji abin da Gwaggo ta faɗa. Bai aiko a tambayi waccan me ya hana ta ba. Ya ɗauka rabona ne ya gaza, sai ya juye nasa na sha a buta, ya lallaba da sanda cikin wannan zafi ya ajiye mini a inda nake fara aiki, tayar gaba ta dama. Ya san inda nake farawa. Kwana uku yana ajiyewa, kwana uku ina ɗage zanena ina tsallakewa.

Gwaggo tana kuka tana cewa laifinta ne. Na bar ta ta faɗa sau biyu kafin na ce mata a'a.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan azahar

Na wanke tsumma biyu na shanya. Na sa izga da shuɗiyar buta a jaka.

Asabar, 26 ga Afrilu, Kalgo, bayan la'asar

Motar farko muka shiga ni da Gwaggo, muka sauka Kalgo rana ba ta gama fitowa ba.

Shamsu ya tare mu a ƙofa, ya rame. Kafin in shiga ya riƙe jakata ya ce in tsaya.

"Adda, ni na gaji. Kullum da sahe sai ya ce an goge mota? In ce an goge. Shi ce ba a goge ba. Na kai ta wanki, ya ce ba a goge ba. Na hesa kwalba har ta ƙare, ya ce ba a goge ba. Mutum na kwance, ba shi gani, ba shi tashi, ƙaƙa za shi sani? Shekaranjiya nit tambaye shi. Yac ce shi dai bai ji ba."

Na ce bai ji me ba?

"Ke za ki hwaɗa min. Ni sunana ɗai aka kira, in kawo wanga in kai wancan. In gari ya waye kuwa kunnenai na taga, ba ni yaka saurare ba."

Ya faɗa yana dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Ban taɓa tunanin auta ma yana ƙirga wani abu ba.

Na shiga. Ɗakin na warin man zafi. Ya ƙanƙance a kan katifa, ƙafarsa a miƙe. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa wa bango kamar yadda ya saba. Na yi niyyar yin shiru daga nan, amma bakina ya riga ni.

"Baba, na ga butar. Duk kwana ukun na gan ta. Ba ruwa na rasa ba. Tsallakewa na yi."

Gwaggo ta ja numfashi a bayana. Ba a yi wa uba irin wannan magana a gidanmu, balle 'yar fari. Yatsunsa suka ci gaba da tafiya a kan carbi. Sannan ya ce, "Jummai, a hwaɗa ma waccan rana na tasowa. Ƙarhe za shi yi zahi."

Na tashi na fita.

Ga famfo a tsakar gida yana zuba, Hafsat ta jawo mini tiyo da gudu. Na ce ta bar shi. Na cika buta ɗaya. Motar tana ƙyalli daga nesa, amma da na matsa sai ga sawun ruwa ya bushe a gilashi, sabulu ya daskare a gindin madubi. Na fara daga tayar gaba ta dama. Izga daga rufi zuwa ƙasa. Tsumma mai damshi, busasshe na bin sa. Tagarsa a buɗe take, taku biyu daga kafaɗata, ban kalli wajen ba. Na matse tsumma a kan taya, ruwan ya ɗiga, na ji tarinsa ya tsaya. Gidan ya yi tsit, har Shamsu da ke waya ya kashe.

Na zo kan boneti na ga zanen kwalba yana nan. Na bi ta kansa miƙe na wuce. Na sa yatsa a bayan hannun ƙofa na ciro busasshiyar laka tun ta Gwandu, injin wanki bai kai nan ba. Na yi ƙofa huɗu. Na girgiza buta, da saura kamar rabin kofi, na juye a tayar baya. Zufa ta jiƙa mini mayafi, maƙogwarona kamar an zuba toka, sai a lokacin na tuna ban sa komai a bakina ba tun jiya.

Daga cikin taga ya ce, "Shamsu."

Na ce a raina, to, an fara. Ɗaya.

"Na'am, Baba."

"Yanzu an goge."

"To, Baba."

"Ɗebo ruwa mai sanyi ka ba Ummulkhairi ta sha."

A hankali ya faɗe shi, gaɓa-gaɓa, kamar mai taka ƙasar da bai saba ba. Gwaggo ta rufe bakinta da gefen zane. Hafsat ba ta gane abin da ya faru ba, tana ta kallon fuskokinmu. Ni ina tsaye da tsumma a hannu, na rasa inda zan ajiye shi.

Shamsu ya kawo kofin yana zuba a hanya. Na tsuguna a gefen taya na sha. Ruwan Kalgo yana da ɗan gishiri, ba kamar namu ba. Na shanye duka.

Lahadi, 27 ga Afrilu, Kalgo, bayan asuba

Na goge. Yau ya koma kirana waccan. Na kai masa gorarsa na zauna a bakin ƙofa har sai da na ji ya shanye.